Yana sahun gaba, amma ya ce shekara biyu ke nan bai jin komi

Ƙanen wani abokina ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi unguwarsu ba, in kun bi ni zuwa ƙasa za ku gane dalili. Da yayansa muka taso a nan Gusau, shi kuwa yaron a gabanmu ya girma, a gabanmu ya yi saukar Alƙur'ani, har da mu aka raba wainar walima gida-gida. Akwai shekarun da in goman ƙarshe ta azumi ta kama shi ake turawa gaba a tahajjud saboda muryarsa, irin muryar nan da in ya kai ayar azaba sai ka ji tsofaffi na shessheƙa a bayansa.

Wani dare bayan isha'i muka rage mu biyu a bencin mai shayi, mai shayin ma ya fara kife kofuna, sai ya matso ya ce, "Yaya, in tambaye ka wani abu, amma don Allah kar ka hwaɗa ma kowa." Na ɗauka maganar aure ce ko bashi ya ci. Sai ya ce, "Kai in ka ɗaga hannu kana roƙo, kana jin akwai mai saurare? Ni yau shekara biyu ke nan ban jin komi. Ina sallah, ina azumi, amma kamar mai magana cikin rijiya."

Abin da na fara yi shi ne waigawa in ga ko mai shayi ya ji. Ko a'uzubillahi ban kai ga faɗa ba, balle in kawo aya. Da na koma gida na kwanta na yi ta juya waigawar nan a raina, don na gane tsoron ransa ne ya fara zo min kafin tsoron imaninsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin garin da muke ciki.

Tun daga ranar nake bin maganar, na karanta abin da hannuna ya kai, ya kuma haɗa ni a hankali da wasu irinsa su huɗu bayan sun tabbatar ba tona musu asiri zan yi ba. Ni Musulmi ne ina nan kan addinina, ba tallar kafirci na zo yi ba, kuma ban kai matsayin mai wa'azi ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke fassara lamarin a majalisa, wallahi ko kusa bai kama hanya ba.

Fara da harshen ma. Hausa na da kafiri da arne da mushiriki da munafuki da mai ridda, amma duk cikinsu babu wanda asalin ma'anarsa ita ce mutumin da ya ce babu Mahalicci gaba ɗaya. Maguzawan da aka sani a da can wajen Kwatarkwashi, da 'yan bori, ba su ce babu Allah ba, a wurinsu yana nan amma ya yi nisa, sai a bi ta kan iskoki. Sai da muka ranto mulhidi daga Larabci, yaran Facebook kuma suna cewa etis. To abin da ba ka da sunansa in ya faɗo maka cikin gida ai sai ka cusa shi a akwatin da kake da shi, ko a ce aljanu sun shafe shi, ko sammu aka yi masa, ko ƙwaya yake sha, ko boko ya yi masa yawa, in duk an rasa a ce Yahudawa sun ba shi kwangila. Duk bayanan nan abu ɗaya suke yi mana, suna hutar da mu daga sauraron abin da mutumin ke cewa.

Kuma su ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya yanke ya ce shi ya gamsu babu Allah, shi ne mulhidin na ainihi, kuma cikin waɗanda na zauna da su mutum ɗaya ne tak ya kai nan. Akwai mai cewa ban sani ba kuma ban ga yadda ɗan Adam zai iya sani ba, shi Turawa ke kira agnostik, kalmar da wani masanin halittu ɗan Ingila, Thomas Huxley, ya ƙirƙiro a 1869, Larabawa kuma suka ce la'adriyya, daga la adri, wato ban sani ba. Ƙanen abokina a nan yake. Akwai wanda ya yarda lallai wani ne ya yi duniya amma ya daina yarda cewa an aiko wani da littafi. Sai mutum biyu da ake jefawa cikin kwandon alhali ba nan ne wurinsu ba. Na farko mai fushi da Allah, wanda aka kashe masa ɗa yake cewa me na yi maka, shi kam ai imaninsa ne ke ciwo, ba a fushi da wanda aka tabbatar babu shi. Na biyu mai waswasi, wanda tunanin ke faɗo masa yana ƙinsa, ya sake alwala sau biyar, ya maimaita kalmar shahada yini guda yana kuka. Wannan ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani kuma ana maganinsa, in ka ce masa ya kafirta ka zuba fetur ne a wuta.

Nawa ne su? Ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ba sam, cibiyar bincike ta Pew ta Amurka kuma ta sa marasa addini a Najeriya ƙasa da kashi 1 cikin 100. Amma fisabilillahi wane ne a Ƙaura ko Talata Mafara baƙo zai tare shi da takarda ya ce ka yarda da Allah, shi kuma ya ce a'a? Suna cikin waya ne, da sunayen bogi a Facebook, da ƙananan guruf a WhatsApp da Telegram da ba a shiga sai wani ya tsaya maka. Ba su da yawa, amma sun fi yadda limamin unguwa ke zato.

Yanzu me ke kai su? Mu dai abin da muka fi so mu ce shi ne littattafan Turawa. Shi yaron nan bai taɓa karanta littafin falsafa ko ɗaya ba kafin abin ya same shi. Mahaifinsu ɓarayin daji suka tare a hanyar Ɗansadau. Aka sayar da gona, aka sayar da shanu biyu, dangi suka yi karo-karo, aka yi saukar Alƙur'ani ba adadi, aka yi yanka, masallacin unguwa ya yi ta alƙunutu. "Yaya, ni da kaina na yi sauka bakwai cikin kwana arba'in. Da munka kai kuɗin sunka ce a ƙaro babur, munka kai babur. Ko gawatai ba mu gani ba." Ya ce a zaman makoki wani malami ya tashi yana nasiha, ya ce duk abin da ke faruwa a Zamfara zunubanmu ne, in mun gyara Allah zai gyara mana. Shi kuma yana zaune a kan tabarma yana tuna tsohon da bai taɓa ganin alfijir ya keto masa a kan gado ba, yana tuna cewa waɗanda suka kashe shi suna can daji lafiya lau da kuɗin gonarsu, har ma an ce suna sallah.

Tambayar da ta tsiro masa ranar tsohuwa ce ƙwarai, ana jingina ta ga wani bafalsafen Girka, Efikurus, da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: in yana da ikon hanawa kuma yana da jinƙai, me ya sa bai hana ba? Musulunci na da amsoshi, ba wai an rasa ba. Duniya gidan jarrabawa ce, aya ta 155 a Baƙara ta faɗa ƙarara cewa za a jarrabe mu da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka. An ba ɗan Adam zaɓi, ɗan bindiga shi ya zaɓi ya harba. Akwai lahira inda za a yi sakayya har tsakanin tunkiya mai ƙaho da marar ƙaho. Duk na faɗa masa, ya ma fi ni haddace su. Sai ya ce to yaran Bagega fa? Ya tuna min da gubar dalma ta 2010, lokacin da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma, saboda ana daka dutsen zinare a tsakar gida ƙurar na shiga cikinsu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gane me ke kashe su. Ya ce yaro ɗan shekara biyu da ke jijjiga a hannun uwarsa, jarrabawar me yake ci, kuma in uwar ake jarrabawa me ya sa da jikin yaron za a rubuta tambayar?

Gaskiyar da zan faɗa ita ce amsar lahira ta ishe ni, ni da ke ciki, tana riƙe ni. Amma igiya ce da ke ɗaure a jikin imanin kansa, wanda ya riga ya zame in ka miƙa masa ita yana ganin da kai da igiyar duk a cikin rijiya ɗaya kuke. Wannan ne masu wa'azinmu da yawa ba su lura da shi ba, suna kawo wa mai shakkar Littafin hujja daga Littafin, in bai gamsu ba su ce girman kai ne.

Sannan akwai yadda manya ke amfani da "zunubanmu ne" su rufe bakin talaka. A 2017 da sanƙarau ya yi ta kashe mutane a jihar nan, aka ruwaito gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, yana danganta annobar da saɓon Allah da zinace-zinace, har Sarki Sanusi ya fito fili ya ce a nemo rigakafi a daina wannan magana. Yaron da ya binne ƙanwarsa a shekarar, ya kuma gane daga baya cewa allura ce ba ta iso ba, me kake zaton zai ji in aka sake ce masa ƙaddara? Kalmar da ya kamata ta zama magani an mai da ita bargon rufe sakaci, to ranar da ya yaye bargon ba lallai ya tsaya a kan gwamna ba.

Mu 'yan Zamfara muna da wani ciwo na daban da sauran jihohi ba su kai mu ba. A nan aka fara. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, garin ya cika ya batse, mutane daga ko'ina, wasu a kan titi suka kwana, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san irin fatan da aka yi, an ɗauka zalunci ya ƙare ke nan. A Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe kan satar saniya. Shekara 21 bayan nan, a Fabrairun 2021, a wannan Jangeben dai aka shiga makaranta da dare aka kwashe 'yan mata 279. Tsakanin shekarun nan an yi 'Yargaladima a 2014 inda aka kashe mutum sama da ɗari a yini ɗaya, an kai har an yanke layukan waya a jihar baki ɗaya a Satumbar 2021, kuma har yau ban ji babban mutum ɗaya da ya rasa ko ɗan yatsa kan dukiyar jama'a ba. Yaran da aka haifa a shekarar ƙaddamarwa yanzu magidanta ne, ba su ga fatan ba, sakamakon kawai suka gani.

Na san amsar, ni ma ita nake bayarwa: laifin masu aiwatarwa ne ba na shari'ar Allah ba. A ilimin manɗiƙi, wato auna hujja da hankali, haka ne, ɗan siyasa ya ci amana ba ya zama hujjar babu Mahalicci. Sai dai zuciyar mutum ba da manɗiƙi take aiki ba. In ka liƙa sunan Allah a jikin fastar kamfe shekara ashirin, ranar da aka yaga fastar ba kowa ne zai tsaya ya ɓanɓare sunan a hankali ba.

Abu na gaba zai ɓata wa wasu rai amma sai na faɗa. Rigimar malamai. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 aka koya wa talakan Arewa wata kalma mai ƙarfi: kawo hujja. Kar ka yarda don malam ya faɗa, kar ka yarda don haka ka tarar da iyayenka na yi. Wannan ya yi amfani, ya buɗe karatu, ya kai mata islamiyya. 'Yan ɗariƙa su ma suka zage suka koyi mai da martani, 'yan Shi'a suka kawo nasu tarihin, 'yan Ƙur'ani zalla suka ce a ajiye hadisi gaba ɗaya. Yanzu duk wannan yana cikin wayar yaro ɗan shekara sha bakwai, raddi kan raddi, kowane malami gwani ne wajen nuna inda ginin ɗan'uwansa ya tsage. Lokacin muƙabalar Malam Abduljabbar da wasu malamai a Kano a Yulin 2021 yara da yawa suka ji ruwayoyin da ba su taɓa sanin suna cikin littattafai ba, suka tafi intanet neman asalinsu, can kuma ba malamin unguwa ne ke jiransu ba. Ɗaya daga cikin mutanen da na zauna da su ya bi layin nan tiryan-tiryan, gidansu 'yan Tijjaniyya ne, ya koma Izala yana sakandare har yana kafirta babansa, daga nan ya ce Ƙur'ani kaɗai, daga nan ya ce babu. Ya ce min kowane mataki gudumar da aka ba shi ya rushe na baya ita ya juya kan na gaba. Ba ina cewa a daina neman hujja ba ne, ina cewa wanda ya koya wa yaro tambaya ya shirya wa ranar da tambayar za ta wuce inda shi ya shata layi.

Akwai kuma tambayar wurin haihuwa, wadda kusan dukansu sun ambata. Wani da muka yi karatu tare, ɗan Zuru ne ta Kebbi, ɗan gidan fasto, shi ma ya bar zuwa coci a zuciyarsa tuntuni ko da yake har yanzu shi ke kaɗa jita ranar Lahadi in ya je gida. Nasa ya faro ne daga masu wa'azin ka ba da za ka samu, uwarsa ta yi ta ba da zakkar coci da alkawarin warkewa har ta rasu. Ya taɓa ce min, ni da kai tazarar 'yan sa'o'i ce a mota tsakanin inda aka yanke mana cibiya, da an yi musanya a ranar suna da kai ne ke kaɗa jitar nan kana tausayina zan shiga wuta. Na ce masa akwai fiɗira, akwai hukuncin wanda saƙo bai iso masa ba, malamai sun yi dogon bayani. Amma abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne ganin cewa Imam Gazali da kansa, wanda muke karanta Ihya ɗinsa a zaure, ya rubuta a littafinsa Munƙiz cewa abin da ya fara kwance masa taƙlidi, wato bin abin da aka gada ba tambaya, tun yana matashi shi ne lura da cewa 'ya'yan Kirista na tashi Kirista, na Yahudawa Yahudawa, na Musulmi Musulmi. Ya ce ya yi kusan wata biyu cikin shakkar komi har hankalinsa bai yarda da shi ba, daga baya kuma a 1095 harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya fita. Shi ya dawo, ya ce da wani haske da Allah ya jefa masa a ƙirji. Amma ya rubuta shakkar da hannunsa, aka kwafa aka yaɗa, aka ci gaba da kiransa Hujjatul Islam. A ce a Gusau ta yau ya yi fostin ɗin, ban san ko zai kwana a gida ba.

Kimiyya kuwa, su Darwin da maganar asalin halitta, ni a ganina ita ce mafi ƙarancin tasiri a nan, tana zuwa ne daga baya bayan tsagar ta riga ta buɗe, mutum na neman abin da zai jingina da shi. Inda ta fi yin ɓarna shi ne inda mai wa'azi ya cika baki da mu'ujizar kimiyya, ya ce Turawa sun gano kaza a wata sun musulunta, yaro ya bincika ya ga ƙarya ce, to sauran maganganunka fa?

Su ma fa ba na wanke su. Cikin masu rubutu da sunan bogi akwai waɗanda ba tambaya suke yi ba, zagi suke, su kwaso maganganun wasu Turawa da rigimarsu da coci ce su juye mana ko gyara babu, su ɗauki duk mai sallah wawa, alhali tsohuwar da ke tasbihi a ɗaki ta fi su sanin rayuwa nesa ba kusa ba. Kuma shi mai cewa na tabbata babu, bai fi ni hujjar gani-da-ido ba, tambayar me ya sa akwai wani abu maimakon babu komi tana nan tana jiransa shi ma. Shi ya sa na fi ganin gaskiya a bakin mai cewa ban sani ba. Zancen wai don neman biza suke yi kuwa, wataƙila akwai mai yi, amma wanda ke ɓoyewa ko matarsa ba ta sani ba wace biza zai samu?

Ɓoyewar kuma dole ce. Kowa ya ga abin da ya sami Mubarak Bala. A 2014 da ya shaida wa danginsa a Kano ya bar addini, sashen masu taɓin hankali aka kai shi ya yi kwana 18. A Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna kan rubuce-rubucensa na Facebook, a Afrilun 2022 babbar kotun jihar Kano ta ɗaure shi shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024 sannan ya fito. Shi an tuhume shi ne da kalaman da Musulmi suka ɗauka ɓatanci, kuma ni ma abin da aka ce ya rubuta ya sosa min rai, ɓatanci daban shakka daban. To amma a kan titi wa ke tsayawa ya bambance? A Talata Mafara a Agustan 2016 zargin ɓatanci aka yi wa wani ɗalibi, aka ƙare da ƙona gidan mutumin da ya taimaka aka kai shi asibiti, mutum takwas suka mutu. Ga Deborah, ɗalibar da aka kashe kan zargin ɓatanci a Sakkwato a Mayun 2022. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, amma kundi ba ya tare dutse.

Ko ba a taɓa lafiyarka ba, lissafa abin da za ka rasa: aurenka ya mutu, gado babu, 'ya'ya a karɓe, abokan ciniki su watse, ranar da ka mutu a yi gardamar inda za a sa ka. Uwarka kuma, wannan ya fi komi, ƙanen abokina ya ce shi ba duka yake tsoro ba, Inna yake tsoro, matar da ta rasa miji a daji kuma abin da ke riƙe da ita shi ne za su haɗu a aljanna, ya je ya ce mata me? Mace mai irin wannan shakka ma ta fi shiga uku, namiji ya iya tattarawa ya tafi Abuja ko Legas da sunan neman kuɗi, ita ina za ta? Har harshen bai ba su ƙofa ba. A ce maka ya kwana, ka ce alhamdulillahi. Sai gobe, Allah ya kai mu. Shi kansa da zai gaya min ba ya jin akwai mai saurare, da "don Allah" ya buɗe maganar, da na nuna masa daga baya sai da muka yi dariya mu biyu, dariyar da ba ta da daɗi.

To ka ga abin da muke samarwa ke nan. Tsoro na kawo goshi ƙasa, wannan ba gardama, masallatanmu a cike suke. Amma mutumin da da an saurare shi a watan farko wataƙila waswasi ne ko zafin rashi, in ya kai tambayarsa aka ce ya yi shiru kar ya kafirta, sai ya kai ta inda za a amsa masa da fara'a, can kuma an san su wa ke jira. Alhali a Sahihu Muslim sahabbai sun zo sun ce wa Annabi (SAW) suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, bai kore su ba, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu, aya ta 260 a Baƙara, kuma aka nuna masa. Shehu Usmanu, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na masu ilimin kalam ba. Karatun sifofi ashirin da ake yi a zaure, wajibi da mustahili da ja'izi, ai asalinsa don amsa irin waɗannan tambayoyin aka gina shi, da hankali, ga wanda bai riga ya yarda ba. Mun rage karanta shi, wasu ma sun ce bidi'a ne, muka maye gurbinsa da ɗaga murya a lasifika.

Azumin da ya wuce limamin masallacinsu ya yi mura a daren 27, aka waiga aka ce ina wane, aka tura shi gaba. Yana iya cewa a'a? Ina sahu na biyu. Ya karanta Suratu Maryam, muryar na nan yadda take, dattijon da ke gefena har gemunsa ya jiƙe. Da aka fito na rako shi har kwanar gidansu ba wanda ya ce uffan, sai da zai shiga ya ce, "Yaya, ka rama taka in kana so, ni ban san ko ta yi ba." Na yi niyyar in tambayi wani malami hukuncin sallar da na yi bayansa, har na shirya yadda zan jera tambayar, sai na tuna abin da zai fara tambayata shi ne wane ne, a wane masallaci. Har yau ban tambaya ba.